Yuraniyom a cikin dutsen giranit: abin da ya raba Riruwai da Arlit

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, maganar yuraniyom ta fita daga bakin masana ta shiga majalisar mai shayi da shafukan sada zumunta. A Yunin 2024 gwamnatin soja ta janye lasisin haƙar yuraniyom na Imuraren daga hannun kamfanin Orano na Faransa, a watan da ya biyo baya ta karɓe na Madawela daga GoviEx na Kanada, sannan a Yunin 2025 ta sanar da mayar da kamfanin SOMAÏR, mai haƙar yuraniyom a Arlit, mallakar ƙasa. Duk sanda irin wannan labari ya fito, sai a ga jerin jihohin Najeriya yana yawo a waya, ana cewa su ma suna kwance a kan yuraniyom: Filato, Bauci, Taraba, Adamawa, Kano. Daga nan sai tambaya ta biyo baya, in haka ne me ya hana a haƙa?

Jerin ba ƙarya ba ne. Amma samun yuraniyom a jikin dutse abu ne gama-gari, wanda kuwa zai biya kuɗin haƙarsa shi ke da wuyar samu. Duwatsun Riruwai da ke ƙaramar hukumar Doguwa a kudancin jihar Kano misali ne mai kyau, domin an daɗe da sanin akwai yuraniyom a cikinsu, kuma har yau ba a kafa mahaƙarsa a can ba.

## Yadda yuraniyom ke shiga giranit

Giranit shi ne dutsen nan mai tauri, mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi da ja-ja, wanda ake fasawa a yi tsakuwar kwalta da kankare. Asalinsa narkakken dutse ne da ya daskare sannu a hankali a ƙarƙashin ƙasa. Yayin da yake hucewa, sinadarai suna haɗuwa su zama ƙwayoyin ma'adini ɗaya bayan ɗaya. Yuraniyom ba ya samun gurbi a cikin ƙwayoyin da suke fara daskarewa, saboda girman ƙwayar zarrarsa da yawan cajinta ba su dace da su ba. Don haka sai ya yi ta zama a cikin ragowar narkakken, yana ƙara kauri, kamar yadda gishiri ke ƙara fitowa a miyar da aka bari a kan wuta ruwanta na ƙonewa. Shi ya sa dutsen da ya daskare a ƙarshe, da jijiyoyin da ruwan zafi ya bi ta tsagogin dutse, suka fi sauran sassa yuraniyom.

Ana auna yawansa da giram nawa ne a cikin kowane tan na dutse. A ɓawon duniya gaba ɗaya, matsakaicinsa bai kai giram 3 a tan ba. Giranit na yau da kullum yakan ɗauki giram 3 zuwa 5, wani ya kai 10 ko 20. Mahaƙar da ta fi kowace ƙarancin yuraniyom a cikin manyan mahaƙan duniya tana aiki ne da 'yan ɗaruruwan giram a tan, waɗanda ke yankin Atabaska a Kanada kuwa, irin su Cigar Lake, sun wuce kilo 100 a tan. Ke nan dutsen da ya ninka matsakaicin giranit sau biyar zai sa na'urar neman yuraniyom ta yi ƙara, ya fito da launi mai jan ido a taswira, alhali bai ko kusa da abin da za a kira arziki ba.

## Riruwai da 'yan'uwanta

Giranit iri biyu ne a arewacin Najeriya. Akwai tsofaffi, masu shekaru wajen miliyan 600, irin dutsen Kufena na Zariya. Akwai kuma waɗanda masana ke kira ƙananan giranit, ragowar gindin tsofaffin duwatsu masu aman wuta, waɗanda in an dube su daga sama suke da siffar zobe. Waɗannan sun jeru ne daga tsaunukan Azbin a arewacin Nijar, suka bi ta Damagaram da Muniyo, suka shigo ta Dutse da Ningi da Riruwai da Jos har zuwa Afu a jihar Nasarawa. Shekarunsu na raguwa yayin da ake yin kudu: na Azbin sun haura miliyan 400, na Dutse sun ɗan haura miliyan 200, na Afu kimanin miliyan 140. Kuza da kolombait da suka sa Jos ta yi suna daga jikinsu suka fito, har Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da kolombait a shekarun 1950.

An fi sanin Riruwai da wata doguwar jijiyar kuza da tutiya mai tsawon kilomita biyar ko kusa da haka, wadda aka yi wa ramin ƙarƙashin ƙasa kafin aikin ya tsaya a shekarun 1980. Yuraniyom ɗin kuwa yana wani ɓangare daban, a giranit ɗin kwarin Kaffo, wanda Turawan Ingila masu neman makamashin nukiliya suka bincika tun kafin samun 'yancin kai. Abin da suka tarar shi ne yuraniyom ɗin yana cikin wani ma'adini mai suna fairokulo, ƙananan ƙwayoyi da suka warwatsu a jikin dutsen.

A nan gizo ke saƙar. Ba yawan yuraniyom kaɗai ake dubawa ba, ana duba wace ƙwaya ce ke riƙe da shi. Idan yana cikin yuraninait ko kofinait, ana niƙa dutsen a jiƙa shi da asid mai rauni, irin na ruwan batir, sai yuraniyom ya narke ya fito. Idan kuwa yana cikin fairokulo ko zakon ko monazait, waɗannan ƙwayoyi ba sa sakin abin da suka riƙe sai da asid mai ƙarfi da zafi mai yawa, kuɗin aikin kuma ya ninka. Fairokulo ma a kasuwa ba don yuraniyom ake nemansa ba, don niyobiyom ne, ƙarfen da ake ƙara wa baƙin ƙarfe domin bututun mai da injin jirgin sama. Kasuwar niyobiyom kuwa Brazil ce ta mamaye ta, da mahaƙar Araxa inda dutsen ya riga ya ruɓe ya yi laushi, kuma niyobiyom ɗinsa ya fi na giranit yawa nesa ba kusa ba. Duk wanda zai haƙi Kaffo sai ya fasa dutse mai tauri, ya niƙa shi lilis, ya tsamo ƙwayoyi ƙanana, sannan ya yi gasa da wannan mahaƙa. Yuraniyom a irin wannan aiki rarar riba ce in an yi sa'a, in ba a yi ba ya zama nauyin da dole a san inda za a binne shi.

## Na Arlit ba a giranit yake ba

Mutane da yawa suna ɗaukan cewa a cikin tsaunukan Azbin ake haƙar yuraniyom ɗin Nijar. Ba haka ba ne. Mahaƙan Arlit da Akokan suna yamma da tsaunukan, a kwarin Tim Mersoi, cikin dutsen yashi wanda asalinsa rairayin tsofaffin koguna ne. Masana sun fi karkata ga cewa daga duwatsun Azbin da tokar aman wutarsu yuraniyom ɗin ya taso. Ruwa mai ɗauke da iskar oksijin yana narkar da yuraniyom ya tafi da shi. Idan ruwan ya ratsa yashi ya ci karo da ruɓaɓɓen itace da ganye da aka binne tun zamanin da, oksijin ɗin ya ƙare, sai yuraniyom ya kasa zama a ruwa ya kwanta a wurin. Miliyoyin shekaru na wannan aiki su suka tara abin da ke warwatse a cikin tsaunuka zuwa wuri guda, har ya kai kilo 2 zuwa 4 a tan, kuma a sigar da asid ke narkarwa cikin sauƙi.

A Azelik aka fara cin karo da shi a 1957, lokacin da Faransawa ke neman tagulla. SOMAÏR ta fara fitarwa a 1971, COMINAK mai mahaƙar Akokan a 1978, kuma kafin a rufe COMINAK a ƙarshen Maris na 2021 ta fitar da kimanin tan 75,000. Darasin da masu bincike suka ɗauka shi ne, sau da yawa giranit uwa ce kawai, ɗan yana can gangare inda ruwa ya kai shi. Shi ya sa a Najeriya ma aka duba dutsen yashi na Bima a yankin Gongola da kuma kwarin Sakkwato, wanda ɓangare ne na babban kwarin da ya haɗe da Nijar.

## Inda giranit ya biya

Ba a ce giranit ba ya ba da mahaƙa ba. Faransa kanta daga jijiyoyin giranit na yankin Limuzan ta fara samun nata bayan yaƙin duniya na biyu, har zuwa 2001 da ta rufe mahaƙarta ta ƙarshe. Babban misali kuwa shi ne Rossing a hamadar Namibiya, kusa da garin Arandis. Dutsen can farin giranit ne, yuraniyom ɗinsa kimanin giram 300 ne kacal a tan. Wato kafin a sami tan ɗaya na garin rawaya, tataccen yuraniyom ɗin da ake sayarwa, sai an niƙa dutse fiye da tan 3,000, ban da wanda ake kwashewa a zubar kafin a kai ga mai amfani.

Abubuwa uku suka haɗu suka sa wannan ya yiwu. Yawancin yuraniyom ɗin yana cikin ƙwayoyi masu narkewa. Dutsen yana da faɗi ƙwarai kuma yana kusa da sama, ana haƙarsa a buɗaɗɗen rami. Sannan ga layin dogo da tashar jirgin ruwa ta Walvis Bay a kusa. Duk da haka, an ga alamar yuraniyom a wurin a 1928, ba a fara fitarwa ba sai 1976. A 2019 Rio Tinto ya sayar da kasonsa ga kamfanin gwamnatin Sin, CNNC. Ruwan da mahaƙan yankin ke amfani da shi a yau har da na teku da ake tacewa, domin na ƙarƙashin ƙasa ba ya isa.

## Daga taswira zuwa rami

Mataki na farko daga sama ake yinsa. Jirgi yana bin layi-layi a ƙasa-ƙasa ɗauke da na'urar da ke kama hasken gama, wani haske da ido ba ya gani wanda yuraniyom da toriyom da fotasiyom ke fitarwa. An yi wa Najeriya irin wannan awo a shekarun 2000, bayanan kuma suna hannun hukumar binciken ƙasa, NGSA. Yawancin taswirorin da ake yaɗawa da rubuce-rubucen jami'o'i daga nan suka samo tushe.

Wannan awo yana da iyaka biyu da ya kamata mai karatu ya sani. Na farko, hasken gama ba ya ratsa fiye da rabin mita na ƙasa ko dutse. Inda marmara ko yashi ya rufe, na'urar ba ta ganin abin da ke ƙasa, inda falalen dutse yake a fili kuwa sai ta yi ta ƙara ko da abin kaɗan ne. Na biyu, ba yuraniyom ɗin kansa take gani ba. Tana ganin wani sinadari ne da ake samu can gaba a jerin rikiɗar da yuraniyom ke yi kafin ya zama dalma. A ƙasa mai ruwan sama, ruwa na iya wanke yuraniyom ya bar waɗannan 'ya'yan nasa a wurin, na'ura ta nuna akwai alhali ya tafi. Akasin haka ma na faruwa.

Saboda haka sai an sauko ƙasa. Ana zagayawa da na'urar hannu, a zana taswirar tsagogin dutse, a ɗebi samfurin dutse da ƙasa da ruwa, a auna iskar radon da ke fitowa daga rikiɗar yuraniyom, a haƙa ramuka. Bayan nan sai injin huda dutse, mai kama da na rijiyar burtsatse, wanda ke zaro dutsen a siffar sanda daga zurfin ɗaruruwan mita. Ana zura na'ura a ramin, a kuma tsaga sandar a kai rabi ɗakin gwaji. Nan ne kuɗi ke tafiya, nan ne kuma yawancin wuraren da aka sa wa rai suke faɗuwa.

Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Kanada da Ostareliya suna ƙarƙashin ƙa'idojin da suka tilasta musu bambanta ƙiyasi hawa-hawa. Akwai wanda aka yi hasashensa daga ramuka masu nisa da juna, akwai wanda aka ƙara tabbatarwa, akwai wanda aka auna sosai. Ko wanda aka auna ba ya zama ajiyar da za a dogara da ita sai an lissafa kuɗin haƙa da tacewa da sufuri da gyaran muhalli an ga akwai riba. Ƙa'idar Kanada ta biyo bayan badaƙalar Bre-X ta 1997, inda aka barbaɗa zinariya a samfuri aka yaudari masu zuba jari. Idan sanarwa ta zo da tiriliyoyin Naira ba tare da adadin ramuka da zurfinsu da giram a tan ba, ba ta kai ko matakin farko na wannan tsari ba.

## Abin da aka taɓa gwadawa

A 1979 gwamnatin tarayya ta kafa kamfanin NUMCO tare da abokan hulɗa Faransawa domin neman yuraniyom. Sun yi aiki a arewa maso gabas, suka huda dutse a Mika da ke jihar Taraba ta yau da Gumci a Adamawa. A waɗannan wurare yuraniyom yana cikin tsagogin tsohon giranit da duwatsun aman wuta da suka kutsa cikinsa, kuma kaurinsa a tan ba laifi. Matsalar ita ce ƙanƙanta. Abin da aka ƙiyasta gaba ɗaya bai wuce 'yan ɗaruruwan tan ba, alhali babbar tukunyar nukiliya mai samar da lantarki guda tana cin kusan tan 200 a shekara, Imuraren kuwa ana maganar kimanin tan 200,000. Farashi ya faɗi a shekarun 1980, Faransawan suka janye, aikin ya mutu. A arewacin Kamaru ma akwai irin wannan a giranit ɗin Kitongo kusa da Poli, an bincika shi fiye da sau ɗaya ba a kai ga haƙa ba.

Farashi na da hannu dumu-dumu a wannan tarihi. Laba ɗaya ta haura dala 130 a 2007, ta ruguzo bayan haɗarin Fukushima na 2011 har ta sauka ƙasa da dala 20 a 2016, sannan ta sake haura dala 100 a farkon 2024. Wurin da ba shi da amfani a dala 20 yana iya jan hankali a dala 100, amma gina mahaƙa yakan ci shekara goma ko fiye, kuma ba wanda ke da tabbacin farashin da zai tarar.

## Masu goyon baya da masu ɗari-ɗari

Masu son a sake bincike suna cewa aikin NUMCO an yi shi ne da kayan aikin da, a ɗan ƙaramin yanki, don haka bai isa a yanke hukunci a kan ƙasa baki ɗaya ba. Suna nuni da cewa duniya na komawa ga nukiliya, tukwane fiye da 400 suna aiki, kuma duwatsu irin na Riruwai suna ɗauke da niyobiyom da tantalom da kuza da wasu ƙarafa masu tsada waɗanda in an haɗa su wuri guda lissafin zai iya canzawa. Wannan hujja tana da ƙarfi ta fuskar sani, domin ƙasa ba ta iya ciniki a kan abin da ba ta auna ba.

Masu ɗari-ɗari Arlit suke nunawa. Bayan fiye da shekara 50 ana haƙa, kuma a 2022 Nijar ta ba Tarayyar Turai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yuraniyom ɗin da ta saya, har yanzu kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a ƙasar. COMINAK ta bar tarin dusar dutse wajen tan miliyan 20. Cibiyar CRIIRAD ta Faransa da ƙungiyar Aghir In'man ta Arlit sun daɗe suna cewa an gurɓata ruwa da ƙasa, kamfanin kuma yana cewa yana bin ƙa'ida kuma yana rufe tarin. A Girinlan, majalisa ta kafa doka a 2021 da ta hana nema da haƙar dutsen da yuraniyom ɗinsa ya wuce giram 100 a tan, abin da ya tsayar da wani babban aikin da ma ba yuraniyom ne ainihin abin nemansa ba.

Akwai kuma zaton da ya kamata a gyara, cewa haƙar yuraniyom za ta kawo wuta. Garin rawaya ba ya shiga yawancin tukwane kai tsaye. Kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai na yuraniyom ke da nau'in da ake buƙata, sai an kai shi ƙasashe ƙalilan an inganta shi. Ƙaramar tukunyar bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, daga Sin aka kawo ta da makamashinta.

## Abin da ya shafi mutanen gari

A dokar Najeriya, sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun sa duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya. Mai gona ba shi da ma'adinin, amma yana da haƙƙin a nemi amincewarsa da kuma diyyar amfanin gona da gini. Lasisin bincike na shekara uku ne da ake iya sabuntawa, kuma ba izinin haƙa don sayarwa ba ne. Kafin mai lasisin haƙa ya fara aiki dole ya rattaba hannu a yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin. Duk abin da ya shafi sinadarai masu fitar da radiyeshan kuma yana ƙarƙashin hukumar kula da harkokin nukiliya, NNRA. A lokacin bincike ayyukan yi kaɗan ne kuma na ɗan lokaci: gadi, tuƙi, ɗaukar kaya, share hanya. Wanda ya sayar da gonarsa ko ya sayi fili da tsada saboda jin an ga yuraniyom, ya yi caca ne a kan abin da galibi ba ya tabbata.

Haɗarin lafiya kuwa ba ya jiran a buɗe mahaƙa. Zama ko noma kusa da falalen giranit ba abin tsoro ba ne. Hanyoyin cutuwa su ne ruwa da ƙura da iska. Rijiyar burtsatse da ta huda giranit mai yuraniyom tana iya ba da ruwa garau, marar ɗanɗano ko wari, amma ya wuce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, wato maikurogiram 30 a lita, kuma ƙoda yake fara taɓawa. Tafasawa ba ta cire shi. Iskar radon tana taruwa a rami marar iska da ɗakin da ba tagogi, ita ce kuma ta biyu bayan taba sigari wajen jawo kansar huhu, don haka masu shiga tsofaffin ramukan kuza su ne a sahun gaba. A Filato an auna radiyeshan mai yawa a dusar da ake bari bayan an tace kuza, saboda monazait da zakon da ke taruwa a cikinta, kuma wannan yashi ne da wasu ke ɗiba su yi bulo da yaɓe. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gida, ya nuna yadda niƙa dutsen ma'adini a tsakar gida ke ƙarewa.

Abu mafi amfani da al'umma irin ta Riruwai za ta nema daga duk kamfanin da ya zo da lasisi shi ne a auna ruwan rijiyoyinta da ƙurarta da radon kafin injin farko ya fara huda dutse, a kuma ba dagaci da ƙaramar hukuma kwafin sakamakon a rubuce. Idan babu wannan awo na farko, duk gurɓatar da ta bayyana daga baya kamfani zai ce daga dutsen take tun asali, mutanen gari kuma ba su da takardar da za su musa da ita. Haka nan ramukan bincike, dole a toshe su da siminti bayan an gama, domin ramin da aka bari a buɗe yana iya haɗa ruwan zurfi mai yuraniyom da na sama wanda ake sha.